Ruwayoyin Kasuwar Motoci: Wanne Ya Inganta, Wanne Ƙage Ne?

Tun daga ran 29 ga watan Mayu na 2023, ranar da aka shelanta janye tallafin man fetur a Nijeriya, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, magidanci mai ƙaramin ƙarfi wanda ya daɗe yana tara 'yan kuɗinsa domin ya sami abin kai yara makaranta, ya kai uwargida asibiti ko gidan suna, ya shiga wani hali na ɗimuwa, domin kuɗin da a da za su saya masa mota mai haske yanzu da ƙyar suke kai shi bakin tsohuwa. Ga shi kuma ko'ina ya zauna, a gareji ko a ƙofar masallaci bayan la'asar, sai ya tarar kowa ya zama mufti a kan sha'anin mota. Ruwayoyin da ake yi masa kuwa, waɗansu sahihai ne, waɗansu masu rauni, waɗansu ƙagaggu ne waɗanda ba su da wani isnadi sai bakin dillali.

Mafi shahararsu ita ce wadda ke cewa duk motar da aka kira 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano, wadda Yarabawa ke ce wa tokumbo, lalle ta fi 'yar gida lafiya, tun da ba ta taɓa shan ƙurarmu da ramukan hanyoyinmu ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba hukunci ne mai game kowa ba. Sunan Beljiyam ya samo asali ne daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp, inda aka daɗe ana lodin tsofaffin motocin Turai zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, alhali kuwa da yawa daga cikin waɗanda ake kira haka a yau daga Amurka suke, kuma wani kaso nasu an saye su ne a gwanjon kamfanonin inshora, watau inda ake karyar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Guguwar Harvey kaɗai, wadda ta auka wa birnin Houston a 2017, ta nutsar da motoci dubu ɗaruruwa. Na taɓa raka wani maƙwabcina, malamin firamare, duba wata ƙaramar mota mai sheƙi kamar amarya. Da bakanikenmu ya buɗe but, ya ɗaga tayar safaya, sai ga busasshen taɓo kwance a ƙasan ramin, ya leƙa ƙarƙashin kujera ya ga kusoshin sun yi ja da tsatsa, ga wani warin danshi da turaren da aka fesa bai iya rufewa ba. Bai ce uffan ba, ya kakkaɓe hannunsa, ya ce, "Malam, mu tafi." Motar da ruwa ya ci, wayoyinta ne ke ruɓewa a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe ta mutu a tsakiyar titi. Saboda haka 'yar gida wadda aka san ubangidanta, aka san garejin da take zuwa, sau da yawa ta fi baƙuwar da ba a san tarihinta ba.

Haka nan kada a ɗauki lambar tafiya da ke kan allon direba a matsayin shaida adali, domin juya ta baya ya zama sana'a. Sitiyarin da ya sulɓe, da robar birki da ta cinye, da kujerar direba da ta lotsa, sun fi ta faɗin gaskiya. A kuma lura, motar Amurka da mil take ƙirga, mil 100,000 kuwa ya kai kilomita 160,000. Shekarar ƙira ma ana yi mata ƙarin gishiri, a sauya fitilu da bamba a ce sabon yayi ce. Amma lambar shasi mai harafi 17 tana nan a gindin gilashin gaba, kuma a motocin Amurka harafi na goma shi ke nuna shekara: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A kuma 2010.

Ruwayar da ke cewa Toyota Corolla ba ta ba da wahala, wannan ta inganta gwargwado, kuma dalilinta a fili yake, tun da injinta mai lita 1.8 na ƙirar 2003 zuwa 2008 kusan kowane yaron gareji ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma daga Ƙofar Ruwa a Kano har Fanteka a Kaduna ba a neman su a rasa. Sai dai shaharar ta sa mai saye yana biyan kuɗin suna a kan kuɗin mota. Waɗanda suka san dawan garin sukan waiwayi Pontiac Vibe, wadda a haƙiƙa tagwayen Toyota Matrix ce, inji ɗaya da Corolla, ga fili a baya na buhu da kayan yara, illa iyaka fitilunta da ƙofofinta ba su kai na Corolla yawa a kasuwa ba. Peugeot 406 ma, da yake tun 1975 ake harhaɗa motocin wannan kamfani a Kaduna, ba ta rasa masu gyara a Arewa.

Batun giya mai sarrafa kanta, wadda ake cewa tana shan mai kamar raƙumi kuma in ta lalace sai a jefar, rabinsa gaskiya ne: tsofaffin sun ɗan fi mai kuloci sha, gyaransu ya fi tsada, kuma in batir ya mutu ba a tayar da su da turi. Amma ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe su shi ne zuba musu man giya wanda ba nasu ba.

Wanda kuwa nake kira baɗili tsantsa shi ne fatawar da ke cewa motar Turai sai an cire mata tamostat, an haɗa fanka dairek, kafin ta iya zafin ƙasarmu. Wannan 'yar na'ura, watau tamostat, aikinta shi ne ta tsare ruwan lagireto har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90, sa'an nan ta buɗe. Idan aka cire ta, sai kwamfutar mota ta zaci inji bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara masa mai, watau an sayi ƙarin shan mai da kuɗin aljihu a zamanin da ake ƙirga lita. In ka ji fanka ta tashi da murɗa makulli, to, ka tambayi abin da ake ɓoyewa, domin sau da yawa ciwon zafi ne aka rufe. Amma zancen satar abin nan na cikin salansa da ake kira indomi gaskiya ne, domin akwai ƙarafa masu daraja a cikinsa, irin su filatinam. A sa bakanike ya duba ko yana nan.

Saura takardu, inda ake cewa ai lambar mota ta wadatar. Ba ta wadatar ba. A ran 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma a sanadin haka da yawa suka shigo ta ɓarauniyar hanya da takardun jabu, ranar da kwastan suka tare hanya kuwa wanda ke riƙe da sitiyari shi ke kuka. Malaman fiƙihu sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, sun kuma ba mai saye haƙƙin mayarwa in an ɓoye masa, amma dillalin da ya karɓi la'adarsa ya kashe waya, ina za ka gan shi balle ka kai shi gaban alƙali?

Don haka, ya kai mai niyya, ka je da safe tun inji na sanyi, da bakanikenka ba na mai mota ba, ka kai lambar shasi ofishin kwastan a tantance kafin ka ƙirga ko kwabo, ka kuma rage wani abu a aljihu na taya da baƙin mai da sauya sunan mallaka, da inshorar dole, wadda a Janairun 2023 ta koma naira 15,000 a shekara.