Baburan da Suka Goya Indiya

Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwar ƙauye ko a tashar mota a nan Arewa, ya ƙirga baburan da ke wucewa, zai tarar da yawansu suna ɗauke da sunan Bajaj ko TVS. Waɗannan kuwa kamfanonin ƙasar Indiya ne. Da baburansu ake kai mara lafiya asibiti, da su ake fito da buhun masara daga gona, da su kuma dubban samarinmu suke ciyar da iyalansu. Tun da yake haka ne, ya kamata mu san asalin abin da muke hawa.

Indiya ƙasa ce mai mutane fiye da biliyan 1 da miliyan 400, yawancinsu kuwa ba su da ƙarfin sayen mota. Domin wannan, babur shi ne motar talaka a can. A shekarar kuɗi ta 2018 zuwa 2019 kaɗai an sayar da babura kimanin miliyan 21 a cikin ƙasar. Amma daga cikin ire-iren da aka yi, kaɗan ne suka shiga zuciyar mutane har ana ba jikoki labarinsu. In muka duba su ɗaya bayan ɗaya, za mu ga cewa babur yakan sami daraja ne gwargwadon nauyin da ya ɗauke wa gida.

Bullet, tsohon soja

Dattijon cikinsu shi ne Royal Enfield Bullet. Asalinsa na Ingila ne, daga wani gari da ake kira Redditch, inda aka fara fitar da babur mai wannan suna a 1932. Bayan Indiya ta sami 'yancin kai a 1947, sojojinta suka bukaci babur mai ƙarfi domin sintiri a kan iyakoki, inda akwai duwatsu da hamada. Sai suka zaɓi Bullet 350. A 1955 aka kafa kamfanin Enfield India a birnin Madras, wanda yanzu ake kira Chennai. Da fari, ana kawo sassan babur ne a cikin akwatuna daga Ingila, ma'aikata su harhaɗa kawai. Sannu a hankali suka koyi yin sassan da hannunsu, har ya zama wajen 1962 ana ƙera babur ɗin gaba ɗaya a Indiya. Kamfanin Ingila ya durƙushe wajen 1970, amma reshen Madras ya ci gaba da aiki. Shi ya sa ake lissafta Bullet a kan babur da ya fi kowane daɗewa ana ƙera shi ba yankewa.

Bullet na dā yana da nauyi ƙwarai, giyarsa tana ƙafar dama, birkin baya kuma a hagu. Tayar da shi sai wanda ya iya, gama in aka buga shi da garaje yakan mayar da duka a ƙafa. Amma ƙarar injinsa, mai kama da bugun ganga a hankali, ita ce abin alfaharin masu shi. Sojoji da 'yan sanda da manyan manoman jihar Punjab suka riƙe shi tamkar alamar mutunci. Kamfanin Eicher ya karɓi ragamarsa a 1994, a lokacin da kasuwarsa take faɗuwa. Wani saurayi daga gidan masu kamfanin, Siddhartha Lal, ya ɗauki aikin farfaɗo da shi. Aka sabunta injin, aka bar tsohuwar sifar yadda take, aka fitar da Classic 350 a 2009, matasa suka yi masa caa. Da shi da Bullet ne masu yawon buɗe ido sukan hau duwatsun Himalaya zuwa yankin Ladakh, inda hanya takan kai tsayin fiye da mita 5,000.

Chetak, dokin iyali

Dattawanmu suna tune da basfa, watau Vespa ta Italiya, wadda malaman makaranta da akawuna suka riƙa hawa a garuruwanmu. To, irin wannan babur mai ƙananan tayoyi shi ne ya mallaki titunan Indiya shekara da shekaru. Wajen 1960 kamfanin Bajaj ya fara ƙera Vespa bisa ga izinin kamfanin Piaggio mai ita. Da yarjejeniyar ta ƙare a 1971, Bajaj ya fitar da tasa basfar a 1972, ya sa mata suna Chetak. Sunan dokin wani sarki ne mai suna Maharana Pratap, wanda ya yi yaƙin Haldighati a 1576. Mutanen Indiya suna ba da labarin cewa dokin ya fitar da ubangidansa daga fagen fama duk da raunin da ya ji, sa'an nan ya faɗi ya mutu.

Sunan ya dace da aikin. A kan Chetak guda za ka ga maigida yana tuƙi, yaro yana tsaye a gabansa, uwargida tana zaune a karkace a baya da jariri a hannu, ga safayar taya a maƙale can ƙarshe. Da yake injin yana gefe ɗaya, ya zama al'ada a karkata ta kafin a buga, domin mai ya sauka. Kowane bakanike na gefen titi ya san cikinta.

Amma samunta ne aiki. A wancan zamani gwamnati ce take yanka wa kowane kamfani adadin abin da zai ƙera a shekara. Masu so sun fi abin da ake fitarwa yawa nesa ba kusa ba, har mutum yakan rubuta sunansa ya jira wajen shekara 10. Wanda ya sami tasa yana iya sayar da ita nan take fiye da kuɗin kamfani. Iyaye sukan yi rajista tun 'yarsu tana ƙarama, domin basfar ta iso kafin ranar aure, gama a can gidan amarya ne yake kai wa ango kaya. Shugaban kamfanin, Rahul Bajaj, wanda ya rasu a 2022, ya sha yin jayayya da hukuma a kan wannan ƙa'ida. Gwamnati ma ta shiga sana'ar da kanta: a 1972 ta sayi injinan ƙera Lambretta daga Italiya, ta kafa masana'anta a Lucknow. Duk da haka layin masu jira bai ƙare ba. Sai da aka fara sassauta dokokin, musamman a 1991 a zamanin Firayim Minista Narasimha Rao da ministan kuɗinsa Manmohan Singh, sa'an nan mai kuɗi a hannu ya iya shiga shago ya fito da babur a ranar.

Na ƙauye da na samari

Akwai waɗansu kuma da suka yi zamaninsu. Kamfanin Escorts ya fara ƙera Rajdoot 175 a farkon shekarun 1960, bisa ga fasalin wani babur na ƙasar Poland. Masu sayar da madara suka so shi, domin yana jure hanyar ƙauye da manyan garewani rataye dama da hagu. A birnin Mysore kuma aka riƙa ƙera Jawa, wanda asalinsa na Cekoslobakiya ne, daga baya aka sa masa suna Yezdi. Abin mamaki game da shi, ƙarfen da ake buga shi da shi, shi ne kuma na sa giya. Masana'antar ta rufe a 1996, aka sake dawo da sunan Jawa kasuwa a 2018.

Na samari shi ne Yamaha RX100, wanda aka yi daga 1985 zuwa 1996. Ƙarami ne mara nauyi, amma da an murɗa sai ya zabura. Irin injin nan ne da yake ƙona fetur tare da baƙin mai, saboda haka yana da hayaƙi, yana kuma shan mai. Dokokin rage hayaƙi suna cikin abin da ya kawo ƙarshensa. Har yanzu masu sha'awa suna neman tsofaffinsa su gyara.

Wanda ya ci kasuwa da tsimin mai

Wanda ya juya kasuwar gaba ɗaya ba shi da ƙara, ba shi da kwarjini. Iyalin Munjal na birnin Ludhiana masu ƙera keke ne tun 1956, da sunan Hero. A 1984 suka haɗa hannu da Honda na Japan, a 1985 suka fitar da CD100. Injinsa irin wanda fetur yake daban, baƙin mai daban, ba hayaƙi, kamfanin kuma ya yi shelar cewa lita guda tana kai kilomita 80. Ma'aikaci mai ɗan albashi ya yi lissafi, ya ga abin da zai rage masa a ƙarshen wata. A 1994 aka fitar da ƙanensa Splendor, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana kan gaba a ciniki. Zuwa 2001 Hero Honda ya zama kamfanin da ya fi kowane yawan ƙera babura a duniya. Abokan biyu sun rabu a ƙarshen 2010, kamfanin Indiya ya koma Hero MotoCorp a 2011, ya ci gaba da tsayawa da ƙafafunsa.

Wannan guguwa ce ta kayar da Chetak. Mutane suka bar basfa suka koma babur mai manyan tayoyi. Rajiv Bajaj, ɗan Rahul, ya fitar da Pulsar a 2001 domin matasa, aka kuma daina ƙera tsohuwar Chetak a ƙarshen 2005. An dawo da sunan a 2019, amma a kan sabuwar basfa mai aiki da batir.

Sai dai basfa ba ta mutu ba, hannu ta sake. A 2001 Honda ya kawo Activa, wadda ba ta da giya, da maɓalli kuma ake tayar da ita. Mace mai sanye da sari tana iya hawa ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. Nas-nas da malaman makaranta mata da ɗalibai suka sami abin zuwa aiki ba sai sun jira wani ya kai su ba. A gidaje da yawa uba da uwa da 'ya duk ita suke hawa bi da bi.

Daga Indiya zuwa ƙofar gidanmu

Da kamfanonin Indiya suka ƙoshi da kasuwar gida, sai suka dubi waje. Bajaj Boxer, mai dogon mazauni da ƙaƙƙarfan kariya, ya dace da hanyoyinmu kamar yadda Rajdoot ya dace da nasu, Nijeriya kuwa tana cikin manyan masu sayensa. Keke mai ƙafa uku ma, wanda muke kira Keke NAPEP, Kanawa kuma suke kira A Daidaita Sahu, yawancinsa daga Bajaj da TVS yake.

A nan akwai abin dubawa. Bullet daga Ingila ya zo, Chetak daga Italiya, Splendor daga Japan. Ba ɗaya da mutanen Indiya suka ƙirƙiro daga farko. Amma sun ɗauki harhaɗawa a kan makaranta, suna ƙara yawan sassan da suke yi a gida shekara bayan shekara, har ranar da malamin ya tafi ɗalibin bai tsaya ba. Mu ma an kafa mana masana'antun harhaɗa motoci a shekarun 1970, kamar ta Peugeot a Kaduna da ta Steyr a Bauchi, amma har yau babur ɗin da yake ciyar da gidajenmu daga ƙetare tushensa yake. Iyayen da suke raina makarantar koyon sana'a, da masu ganin bakanike kamar wanda ya kasa karatu, sai su sake tunani.

Goyo yana da iyaka

Hoton iyali huɗu a kan basfa guda yana da daɗin tunawa, amma yana da haɗari. Attajirin nan Ratan Tata ya ce ganin irin wannan ne ya sa ya ƙera ƙaramar mota Nano, wadda ta shiga kasuwa a 2009. Rahoton ma'aikatar sufurin hanyoyi ta Indiya ya nuna cewa a 2022 mutum fiye da 168,000 suka mutu a haɗarin hanya. Kusan 75,000 daga cikinsu masu babur ne, kimanin 50,000 kuma ba su sa hular kwano ba. Dokar ƙasar ta hana goyon fiye da mutum ɗaya, a 2019 kuma aka ɗaga tarar rashin hula zuwa rupi 1,000, tare da dakatar da lasin na wata 3. Mabiya addinin Sikh masu naɗa rawani ne aka ɗauke wa wannan.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Babur ɗin da suke hawa shi muke hawa, goyon uku da huɗu kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, musamman ranar kasuwa da ranar biki. Maigidan da zai sayi babur, ya sa kuɗin hula biyu a cikin lissafinsa. Ya tambayi bakaniken garinsu ko akwai kayan gyaransa kusa, ya kuma san litar da zai sha a mako kafin ya biya. Wanda ya ba ɗansa babur domin acaba, ya tabbata yaron ya iya tuƙi, birki da fitila kuma suna aiki. In kaya sun yi yawa, a yi sawu biyu.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.