Ciwon kan da ba a kwana da shi a gida

Ɗan'uwa mai karatu, akwai wanda bai taɓa yin ciwon kai ba? Babu. Wuni cikin rana a gona yana kawo shi. Ƙishirwa da yunwa da rashin barci suna kawo shi. Irin wannan, in ka sha ruwa, ka ci abinci, ka kwanta a inuwa, sai ya wuce.

Amma akwai wani ciwon kai daban. Shi ba a lissafin shi da kwanaki, da awowi ake lissafi. Mutane da yawa sun san haka, amma tsoro yana hana su zuwa likita, don ba su san abin da za a yi musu can ba. To, zo mu bi hanyar tare, daga ɗakinka har gadon asibiti. Abin da ka sani ba ya ba ka tsoro kamar wanda ba ka sani ba.

Alamun da ba a jira da su

Ka tashi ka nufi likita, ko da tsakar dare ne, in ciwon kai ya zo da ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ya faɗo maka farat ɗaya, kamar an maka maka taɓarya, kuma ba ka taɓa jin irin shi ba.
2. Jiki ya yi zafi, wuya ya sanƙare, haɓa ba ta iya taɓa ƙirji.
3. Amai ya ƙi tsayawa, ido ba ya son haske.
4. Mutum yana sambatu, ko barcin da ba a iya tada shi, ko jijjiga.
5. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta harɗe.
6. Ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga moto, ko bugu a kai.
7. Mai ciki ce, ƙafafu da fuska sun kumbura, tana ganin dishi-dishi.

Jariri ba ya cewa kaina. Shi sai ka ga ya ƙi nono, yana kuka mai ƙara, maɗigar shi ta kumbura.

Daren farko

A ce kai ne. Watan Maris ne, ƙura ta rufe gari. Tun la'asar kake jin kai ya yi nauyi. Bayan isha'i jiki ya ɗauki zafi, ka yi amai sau biyu. Ka so ka sunkuya ka ɗauki buta, wuya ya ƙi.

Nan ne shawarwari ke yawa. Wani ya ce rana ce, a bari sai da safe. Wani ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho. Wani ya ce akwai ƙwaya wajen mai tebur. Duk don ƙauna suke faɗi, amma kowace shawara tana cin lokaci. Addu'a kam a yi ta, sai dai a yi ta bisa hanya.

Kada a ba ka asfirin, don in jini ne ya zuba cikin kai, asfirin yana ƙara zubar shi. Kada a ba ka tramol, yana rufe alamun da likita ke nema. In hankalinka ya gushe, kada a ɗura maka ruwa ko kunu, yana iya bi ta maƙogwaro ya shaƙe ka. A kwantar da kai a gefe guda, a nemi amalanke ko mota. In moto ce kaɗai ake da ita, wani ya zauna bayanka ya riƙe ka.

A likitar kusa

Wurin farko shi ne likitar da ta fi kusa, wadda ake ce ma CSI. Majo zai yi maka tambayoyi. Yaushe ciwon ya fara? Ƙaƙa ya fara, a hankali ko farat ɗaya? Mi ka sha? Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Ka faɗi gaskiya duka. In ka sha jiƙo ko ƙwayar kasuwa, ka faɗa, ka nuna kwalin in yana nan. In ba ka iya magana, wanda ya ga farkon ciwon shi ya kamata ya rako ka.

Za a auna zafin jiki. Jikin mai lafiya yana wajen 37. Za a ɗaura maka abin awon tansiyo a damtse. In ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, ana ce mishi hawan jini. Za a soki yatsa a ɗauki ɗigon jini don a nemi zazzaɓin cizon sauro. Cikin minti 15 zuwa 20 an san amsa. Sannan majo ya sa hannu ƙarƙashin ƙeyarka, ya gwada lanƙwasa wuya.

In ya ga abin ya fi ƙarfin wurin, zai fara maka allura, ya rubuta takarda, ya tura ka babban asibiti. Wannan ba kora ba ce. Ka adana takardar nan kamar kuɗi, ita ke gaya ma likitocin gaba abin da aka riga aka yi.

A ƙofar gaggawa

A babban asibiti ka nemi ƙofar da aka rubuta URGENCES. Tunda ka iya karatu yanzu, kai ne za ka nuna ma ƴan rakiya. A nan ba a bin wanda ya riga zuwa. Wanda ya fi kusa da halaka shi ake fara gani. In aka wuce da wani gabanka, ba raini ba ne. In kuma ciwonka ya ƙaru kana jira, mai rakiya ya je ya faɗa nan take, kada kunya ta hana shi.

Za a sa maka ƙarin ruwa a jijiya. Lokotoro zai haska tocila cikin idonka, ya ce ka matse hannun shi, ya tambaye ka sunanka da ranar da ake ciki. Da haka yake gane ko ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Allurar baya

Ga wurin da mutane suka fi tsoro. In ana zaton sanƙarau ne, lokotoro zai so ya ɗebi ruwan baya. Wasu suna cewa ita ke gurgunta mutum. Bari mu duba yadda abin yake.

Ƙwaƙwalwa da lakar da ke cikin ƙashin baya suna kwance cikin wani ruwa, da fatu masu laushi kewaye da su. Sanƙarau shi ne in ƙwayoyin cuta suka shiga waɗannan fatu suka kumbura. Shi ya sa kai ke ciwo, wuya ke sanƙarewa.

Za ka kwanta a gefe, ka naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, ko ka zauna ka duƙa. A wanke ƙugu da magani. A sa siririyar allura can ƙasa, tsakanin ƙasusuwa biyu, a wurin da laka ta riga ta ƙare. Za ka ji zafin suka da ɗan nauyi. Aikinka ɗaya ne: kada ka motsa. Ruwan da ake ɗiba bai fi cokali ɗaya ko biyu ba. Jiki kuwa yana yin kusan rabin lita na wannan ruwa kowace rana, saboda haka nan da nan yake mayar da shi.

Ruwan mai lafiya garau yake kamar na famfo. Na mai sanƙarau sau da yawa yana fitowa gurɓace, kamar ruwan wankin shinkafa. Ana auna shi a ɗakin bincike. Ana kuma aika wani Yamai, a cibiyar CERMES, don a san irin ƙwayar cutar da ke yawo a ƙasa. Bayan an gama wasu suna jin ciwon kai in sun miƙe tsaye, ya lafa in sun kwanta. Yana wucewa cikin ƴan kwanaki.

Shanyewa ko kurumta da ake gani bayan sanƙarau aikin cutar ne, kuma jinkiri yana ƙara su.

In ba sanƙarau ba ne fa?

In zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, akwai allurar artesunat. Ana yin ta farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24, daga baya a koma ƙwayoyi. In mai ciki ce jininta ya hau, ana kai ta gidan haihuwa, a yi mata allurar da ke hana jijjiga. In ana zaton jijiya ce ta fashe ko ta toshe cikin kai, sai hoton sikana. Za ka kwanta bisa gado, gadon ya shiga cikin wani babban zobe, na'ura ta ɗauki hoton cikin kai. Ba zafi, ba yanka, ƴan mintoci ne. Amma a manyan asibitoci ake samun ta, kamar na Yamai, shi ya sa wani lokaci ake sake tura mutum gaba.

Kwanakin gado

Maganin sanƙarau allura ce mai suna seftiriyazon, ana yin ta kullum, kwana 5 ko fiye, yadda lokotoro ya gani. In ba magani, wajen rabin waɗanda cutar ta kama suna iya mutuwa. In an fara magani da wuri, mafi yawa suna tashi.

Rana ta biyu ko ta uku za ka ji sauƙi, ka fara marmarin fura. A nan ne wasu ke naɗe tabarma su gudu gida. Kada ka yi haka. Cutar ta kwanta ne, ba ta mutu ba.

Mai jinya ya zo da tabarma, buta, kwano da gidan sauro. Ya lura da ƙarin ruwa, ya faɗa in ya kusa ƙarewa. Dangi su rage cika ɗaki, don cutar tana bin tari da atishawa da yawu.

Maganar kuɗi kuma gaskiya ce: akwai mota, akwai awo, akwai takardar magani. A 2006 gwamnati ta sa dokar kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma babba yana biya. Saboda haka a ajiye ƴan jikkuna a gida don irin wannan dare, ko ƴan adashe su ware asusun ciwo. Neman rance da tsakar dare yana cinye awowin da ake bukata.

Bayan sallama

Ka koma ranar da aka ce ka koma. A cikin mutum 5 da suka yi sanƙarau, wajen 1 yana saura da wata matsala, kamar rashin ji, mantuwa ko farfaɗiya. In yaro ne, ka kira sunan shi daga baya a hankali, ka ga ko ya waiwaya. In bai ji ba, a mayar da shi a duba kunne.

Ƙasarmu ta san wannan cuta. Tana cikin yankin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha, kuma lokacinta rani ne, daga Disamba zuwa Yuni. Manya suna tuna annobar 1995. A 1996 da 1997 cutar ta kama mutum fiye da 250.000 a Afirka, ta kashe wajen 25.000. A 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar, irin sanƙarau na A ya ja baya ƙwarai. Amma a 2015 irin na C ya ɓarke, ya fi tsanani a Yamai, ya kashe mutum fiye da 500. A 2024 aka kawo sabuwar allura mai tare iri 5. In masu rigakafi sun zo garinku, ka fito da iyalinka duka.

Ko da ka yi rigakafi, kada ka manta da alamun nan 7. Ka karanta ma mutanen gidanku su yau, tun kowa yana lafiya.

Tambayoyi

1. Faɗi alamu 3 da ke nuna ba a jira sai da safe.
2. Don mi ba a ba mai tsananin ciwon kai asfirin?
3. Daga garinku zuwa likita kilomita nawa ne? Wa ke da abin hawa in dare ya yi?