Yadda Zafi Ke Buɗe Wa Maganin Daji Hanya

Galibin maganin cutar daji ba ya aiki sai ya kutsa cikin ƙwayar da ta kamu, kuma a nan gizo ke saƙar. Tsakiyar tsiron daji tana da ƙarancin jini, don haka magani kan tsaya a gefe. Idan likitoci suka ɗumama wurin zuwa digiri 40 har 43 a ma'aunin Salshiyos, jini yakan ƙara gudu, bangon ƙananan jijiyoyi ya saki, fatar ƙwayar ta yi laushi, sai magani irin cisplatin ya shiga da yawa. Zafin kuma yana raunana sinadaran da ƙwayar ke gyara ƙwayoyin gadonta da su, sai ɓarnar maganin ta dawwama.

A 2018 masu bincike a Holan sun wallafa gwajin mata 245 masu dajin ƙwan mahaifa. Waɗanda aka wanke wa ciki da cisplatin mai ɗumi na minti 90 lokacin tiyata sun rayu matsakaicin wata 45.7, sauran kuwa wata 33.9.

Masu shakka suna kafa hujja da gwajin PRODIGE 7 na Faransa, inda maganin oxaliplatin mai zafi na minti 30 bai ƙara wa masu dajin hanji kwana ba. Hujjar tana da ƙarfi, amma a ganina darasinta shi ne nasara ta dogara ga irin maganin, irin dajin da tsawon ɗumamawar. Wannan aikin asibiti ne da ake aunawa daki-daki. Kada majiyyaci ya ɗauka gashin ruwan zafi a gida zai maye gurbinsa.