Hanyoyin Kare Bakwaini Daga Cutar Funfuna Mai Shiga Jini

Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu yi bayanin yadda ƙwayoyin funfuna ke shiga jinin bakwaini, watau jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, sa'an nan mu kawo hanyoyin rigakafi. Ƙwayar da ta fi yin wannan ɓarna ita ce Kandida. A jikin jariri mai cikakkun watanni ba ta cika wuce farin dabbare a harshe ko ƙuraje a matsematsi ba. Amma a jikin bakwaini, musamman wanda nauyinsa bai kai giram 1,000 ba, takan ratsa jini ta kai ga ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa, har ta yi kisa ko ta bar naƙasa.

Ƙofofin Shigar Cuta

Fatar bakwaini ba ta da kauri, hanjinsa bai ƙosa ba, garkuwar jikinsa kuma tana da rauni. Daɗin daɗawa, kayan da ake ceton ransa da su a kwalba su kansu ƙofofi ne. Alal misali, siririyar robar da ake zurawa cikin babbar jijiya don ba shi abinci wuri ce da Kandida ke maƙalewa ta hayayyafa. Haka nan magungunan kashe bakteriya masu ƙarfi, idan aka daɗe ana ba da su, sukan share ƙwayoyi masu amfani na hanji, funfuna ta sami fili. Jaririn yakan ɗauki ƙwayar daga uwa wajen haihuwa, ko daga hannun masu jinya.

Matakan Rigakafi

Da farko, wanke hannu kafin a taɓa kowane jariri da bayan an taɓa shi. Na biyu, cire robar jijiya da zarar bukatarta ta ƙare, da tsai da maganin bakteriya idan gwajin jini bai nuna cuta ba. Na uku, ba da nonon uwa da wuri, musamman dakashi, wanda wasu iyaye a ƙasar Hausa kan zubar bisa al'ada, alhali kuwa shi ne ya fi ƙunsar sinadaran kariya.

Mataki na huɗu shi ne magani. A shekarar 2001 wani bincike a Jami'ar Bajiniya ta Amurka ya nuna cewa fulukonazol yana rage wannan cuta ƙwarai ga jariran da ba su kai giram 1,000 ba. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta fitar a 2016 ita ce a ba da miligiram 3 zuwa 6 ga kowane kilo, sau biyu a mako, har mako 6, a ɗakunan da cutar ke kama fiye da kashi 10 cikin 100 na irin waɗannan jarirai. Inda babu shi, akan ba da nistatin ta baki.

Kammalawa

Lalle ne a yi hattara da yawan ba da fulukonazol, domin akwai nau'in Kandida da aka fara ganowa a Japan a 2009 wanda galibi ba ya jin wannan magani. Saboda haka muna ganin matakai uku na farko su ne tushe, tun da ba su bukatar kuɗi mai yawa. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.