Mai Faci da Gejinsa

Wurin mai faci ba ya ɓuya: tsofaffin tayoyi a ɗore bisa juna a bakin titi, inuwar darbejiya, da injin iska mai tanki. A gefe akwai rabin duro cike da ruwan da ya yi baƙi, inda ake tsoma tif a nemo huda ta wurin kumfa. Sai jak, sifana, ƙarfen ɓamɓare taya daga wili, gwangwanin sholisho, da geji a aljihun gaba. Jarin ke nan.

Iska kyauta ce, amma tura ta cikin tanki sai da fetur. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, tayar da injin ma sai an yi lissafi. Shi ya sa mai faci kan cika tanki ya kashe inji, ya yi ta lallaɓa iskar daga wannan mota zuwa waccan. Kuɗin ƙarin iska 'yan canji ne; abin kirki daga faci da sauya taya yake shigowa. A ciki za a fitar da na mai, na wuri, da abincin yaran da ke koyo.

Sai dai wannan ƙaramin aikin ne rayukan fasinja suka rataya a kai. Direba ya tsaya ya ce, "Malam, ƙaro mini iska." A tambaye shi, "Alhaji, nawa kake sa mata?" Sau da yawa amsar ita ce, "Ba ta arba'in," ko "Yadda ka saba." Wani mai facin ma ƙwanƙwasa taya yake da sifana ya saurari ƙara. Gwanin mai faci ba ya haka. Buɗe ƙofar direba yake, ya duba 'yar takardar da kamfani ya manna a jikin ginshiƙin ƙofar, wadda ke nuna iskar tayoyin gaba da na baya, da kaya da babu kaya. A yawancin ƙananan motoci tsakanin PSI 30 ne zuwa 35, wato 2.1 zuwa 2.4 a gejin da ke awo da bar. Lambar da ke jikin tayar kanta, 44 ko 51, ita ke ruɗar mutane. Wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne, ba abin da motar ke buƙata ba.

Kuma awo na gaskiya sai taya ta huce, da sassafe ko bayan awa uku a ajiye. Motar da ta taso daga Kano zuwa Maiduguri da ranar Afrilu, gejinta zai iya nuna ƙarin PSI 4 ko fiye, don zafi na kumbura iska. Wanda ya sace wannan ƙarin, da safe zai tarar da tayarsa ta yi laushi, kuma taya mai laushi ita ta fi saurin ɗaukar zafi ta fashe a guje.

Tsohon hannu yana karanta taya da tafinsa. In ya shafa ya ji tsakiya ta cinye, iska ta daɗe tana yawa. In gefe da gefe ne, ta daɗe tana kaɗan, motar kuma tana shan mai fiye da kima. Zai juya ta ya nuna wa mai ita lambobi huɗu na haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Masu sayen taya ta hannu na buƙatar wannan karatun, ga kuma jami'an kiyaye haɗurra na duba shi a hanya.

Wahalar ba kaɗan ba ce: durƙuso a kan kwalta mai zafi, ciwon baya, hannu da ya yi kanta. Mafi haɗari tayar tirela, wadda ke ɗaukar PSI 100 ko fiye. In zoben wilinta bai zauna daidai ba, yana iya ɓallewa ya hallaka mutum. Don haka ba a barin sabon yaro ya ba ta iska, shi ma maigidan daga gefe yake tsayawa, ya miƙa tiyo da hannu ɗaya.