Lamba 777: Ƙofar da Muke Bari a Buɗe

Da yawa daga cikinmu masu koyon gina shafin intanet mun taɓa shiga wannan hali. Mun ɗora aikinmu a kan sabar da muka kama haya a girgije, wato kwamfutocin kamfanoni irin su Amazon da Google da ake aiki da su daga nesa, sai shafin ya ƙi buɗewa, wai ba mu da izini. Nan take aboki zai ce, "Buga chmod 777 kawai ka huta." Shafin kuwa ya buɗe. To, amma me muka aikata?

Yawancin waɗannan sabobi da Linux suke aiki, shi kuma ya gaji tsarin izininsa daga Unix, wanda aka fara a Bell Labs da ke Amurka a 1969. A wannan tsari, kowane fayil yana da mai shi, da rukuninsa, da sauran masu asusu a sabar. Izinin kashi uku ne: karantawa lambarsa 4, rubutawa 2, aiwatarwa 1, kuma haɗa su ake yi. Don haka 7 na nufin duka ukun, 6 karatu da rubutu, 4 karatu kaɗai.

Ke nan 777 ya ba kowa komai. Idan mai kutse ya samu kafa ta wata manhaja mai rauni, zai iya sauya fayilolinmu ko ya cusa nasa, alhali sabar na iya ɗauke da sakamakon jarrabawar ɗalibai.

Sau da yawa ma matsalar ta mallaka ce. A Ubuntu, Apache yana aiki da asusun www-data, mu kuwa mun ɗora fayilolin da asusun root. Umarnin ls -l zai nuna mana mai kowane fayil da izininsa, chown kuma ya miƙa shi ga wanda ya dace. Daga nan fayilolin shafi su zauna a 644, foldoji a 755, makullin sirri na SSH a 600. Shi SSH ma ƙin karɓar makullin yake yi idan wasu na iya karanta shi.

Kafin mu sake buga chmod, mu fara duba wane asusu ne ke buƙatar fayil ɗin, kuma me zai yi da shi. Iya abin da yake buƙata za mu ba shi.