RAHOTON KUƊIN KAMFANI: DARASIN DA KARYEWAR ENRON TA BAR WA MASU HANNUN JARI

Ranar Talata 16 ga watan Oktoba, 2001, kamfanin Enron, wanda hedkwatarsa ke birnin Houston a Jihar Texas ta ƙasar Amurka, ya fitar da sanarwar lissafinsa na wata uku. Kan sanarwar ya fara ne da maganar riba, sai mai karatu ya nutsa ciki sannan zai tarar da cewa hasarar dala miliyan 618 aka yi. Akwai kuma wani labari mafi muni wanda ba a ma sa shi cikin takardar ba, watau cewa za a zabtare dala miliyan 1,200 daga dukiyar masu hannun jari. Sai da aka shiga tattaunawa ta wayar tarho da masana harkar jari ne shugaban kamfanin, Kenneth Lay, ya ambaci wannan a taƙaice, kamar wani abin da bai taka kara ya karya ba. Ba a cika kwana 50 ba, ranar 2 ga Disamba, kamfanin ya kai kansa gaban kotu ya shelanta cewa ya karye.

Enron ba ƙaramin kamfani ba ne. An kafa shi a 1985 da sana'ar jigilar iskar gas ta bututu, daga baya ya shiga dillancin gas da wutar lantarki. A shekarar 2000 ya ba da rahoton cinikin fiye da dala miliyan dubu 100, har mujallar Fortune ta sa shi na bakwai a jerin manyan kamfanonin Amurka. Hannun jarinsa guda ya kai kimanin dala 90 a watan Agusta na 2000, amma a ƙarshen Nuwamba na 2001 ko dala ɗaya bai kai ba. Dubban ma'aikata sun rasa aikinsu, da yawa daga cikinsu kuma suka rasa ajiyar fanshonsu, domin a hannun jarin kamfanin aka zuba ta.

YADDA AKA RUFE IDON JAMA'A

Abin da ya kamata ɗalibi da ma'aikaci su lura da shi shi ne, Enron bai taɓa fashin buga rahoton shekara ba, kuma mashahurin kamfanin binciken lissafi na Arthur Andersen yana sa hannu a kai. Illar tana cikin yadda aka tsara bayanin.

Da farko, tun daga 1992 kamfanin ya ɗauki wata hanyar lissafi wadda ta ba shi damar rubuta ribar da yake tsammanin samu daga kwangilar shekaru masu yawa tun ranar da aka ƙulla ta. Misalinsa kamar manomin da ya dasa mangwaro yau ne, ya zauna ya ƙiyasta abin da zai sayar cikin shekara goma, sannan ya gaya wa abokan tarayyarsa cewa ribar bana ke nan. A takarda ga riba tuli, a aljihu kuwa babu ko kwabo.

Na biyu, babban jami'in kuɗi na kamfanin, Andrew Fastow, ya jagoranci kafa wasu ƙananan kamfanoni na gefe inda aka riƙa tura basussuka da kadarorin da suka faɗi daraja, don kada su fito a babbar takardar lissafi. An ambaci wasu daga cikin waɗannan ma'amaloli a bayanan da ke bayan rahoto, amma cikin murɗaɗɗen harshe wanda ƙwararru ma suka kasa warwarewa.

Na uku, wanda ya yi tambaya sai a nuna masa cewa shi ne bai da fahimta. A watan Maris na 2001 wata 'yar jarida ta mujallar Fortune, Bethany McLean, ta yi tambaya mai sauƙi: ta wace hanya ce Enron ke samun kuɗinsa? Ba ta sami amsa gamsasshiya ba. A watan Afrilu kuma, da wani mai nazarin jari ya yi ƙorafin cewa kamfanin ba ya fitar da takardar kadarori da basussuka tare da sanarwar riba, sai babban manajan kamfanin, Jeffrey Skilling, ya zage shi kowa yana ji. To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar 8 ga Nuwamba, 2001, kamfanin ya amsa cewa ribar da ya yi ta shela tun daga 1997 ta haura gaskiya da kusan dala miliyan 600.

TAKARDU UKU

Kowane rahoton kuɗi yana tsaye ne a kan takardu uku, kuma kowace tana amsa tambaya dabam. Lissafin riba da hasara yana nuna abin da aka sayar da abin da aka kashe cikin shekara. Takardar kadarori da basussuka tana nuna abin da kamfani ya mallaka da abin da ake bin sa a ranar rufe lissafi. Ta ukun kuwa ita ce lissafin shiga da fitar tsabar kuɗi. Ɗan kasuwar da ya ba da atamfa bashi yana iya rubuta riba a littafinsa alhali ba shi da kuɗin biyan hayar shago. Saboda haka duk manajan da ya gabatar da ta farko ya ɓoye sauran biyun, rabin labari ya bayar, kuma masu banki, da ma'aikata, da 'yan kwangila, da hukumar haraji duk za su yanke shawara a kan rabin labari.

RUBUTU DOMIN 'YAR'UWA

Shekara uku kafin faɗuwar Enron, watau a 1998, hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta Amurka a ƙarƙashin Arthur Levitt ta buga wani ɗan littafi mai koyar da rubuta takardun kuɗi da sassauƙan harshe, ta kuma wajabta yin haka a wasu sassa na takardun tallar hannun jari. Wanda ya rubuta gabatarwar littafin shi ne attajirin nan Warren Buffett na kamfanin Berkshire Hathaway. Ya bayyana cewa ya shafe fiye da shekara 40 yana karanta irin waɗannan takardu, amma sau da yawa yakan gama bai gane abin da ake nufi ba. Dabararsa ita ce, in zai rubuta wasiƙar shekara ga masu hannun jari, sai ya ɗauka da yayarsa da ƙanwarsa yake magana, mata masu kaifin basira waɗanda ba su karanci aikin akanta ba, ya gaya musu abin da shi kansa zai so a gaya masa da shi ne a matsayinsu.

Wannan ma'auni ya isa ga kowane akanta, ko na kamfani, ko na ma'aikatar gwamnati, ko ma'ajin ƙungiyar gama kai. A fara da labarin da ya fi muhimmanci, ko da mara daɗi ne. A ajiye adadin bana kusa da na bara, a kuma faɗi dalilin bambancin. In an sauya hanyar lissafi, a faɗi abin da sauyin ya ƙara ko ya rage. A raba ribar da aka rubuta da kuɗin da ya shigo hannu. Sannan a karɓi tambaya da mutunci, domin mai tambayar shi ne mai dukiyar.

BAYAN ƁARNA

A watan Yuli na 2002 Amurka ta kafa dokar Sarbanes-Oxley, wadda ta tilasta wa babban manaja da babban jami'in kuɗi su sa hannu da kansu cewa rahoton kamfaninsu gaskiya ne. A shekarar ce kuma Arthur Andersen ya durƙushe, a 2006 kotu ta sami Skilling da laifin zamba.

Nijeriya ma ta ɗanɗana irin wannan. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sa ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa da yawa sun zama masu hannun jari, kuma 'ya'yansu sun gaji takardun. A 2006 aka gano cewa an kumbura lissafin kamfanin Cadbury na Nijeriya na wasu shekaru da kimanin Naira miliyan dubu 13, abin da ya kai ga sallamar manajan darakta da daraktan kuɗi. A 2011 aka kafa majalisar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa, daga 2012 kuma kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suka koma bin ƙa'idojin lissafi na duniya.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi cewa a aika wa masu hannun jari sanarwar babban taron shekara da lissafin kamfani aƙalla kwana 21 kafin ranar taro, kuma a kwamitin binciken lissafi mai mutum biyar, uku wakilan masu hannun jari ne. An ba da waɗannan kwanaki ne domin a karanta, a nemi wanda ya sani ya yi bayani, a shirya tambaya. Mai hannun jarin da ya halarci taro yana da haƙƙin ya miƙe ya tambayi daraktoci nawa ne ya shigo a tsaba daga ribar da aka shelanta, nawa ake bin kamfanin, da kuma yaushe za a biya. In amsar ta zo a murɗe, ya sake tambaya, domin in shugabanni sun kasa bayyana wa masu dukiya inda dukiyarsu take, to, ba su gama ba da lissafi ba tukuna.